Bel ɗin Masta Ɗalha Ya Je Marina

Ana saura 'yan kwanaki a yi sadakar arba'in ɗin Masta Ɗalha, Zinariya ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga zannuwan zuwa unguwa, ta zaro baƙar ledar da ya ba ta ajiya. Tun ranar da ta karɓa ba ta kwance ba. Amana ce, ba a ce ta leƙa ba. Amma tunda ranar miƙawa ta matso, gara ta san abin da za ta ɗauka ta kai gaban mutane.

Yana kwance ya ba ta, can gidansa na Soron Ɗinki, matarsa Dije na yi masa fifita. Ciwo ya riga ya cinye shi. Mutumin da yake fasa bulo da gefen hannu ya koma ko kofin ruwa sai an tallafa masa.

Ya ce, "Yaya Zinariya, bel ɗina ne a ciki. Ranar da yara suka taru bayan raina, ki ba Musbahu a gaban kowa. Kar ki ba shi a ɗaki, kar kuma ki gaya masa kafin ranar. Wanda ya ɗaura shi, shi ke da filin."

Ta ce, "Kai dai Allah ya tashi kafaɗunka ka ba shi da hannunka."

Ya ce, "Amin. Amma dai riƙe."

Ta riƙe. Ba a daɗe ba Allah ya karɓi abinsa.

Masta ba jininsu ba ne. Aminin maigidanta ne, marigayi Malam Mikail baduku. Da safe Masta yana gyaran keke a bakin titin Mandawari, da la'asar ya sa fararen kaya ya tafi filin firamaren unguwa ya koya wa samari kareti. A wurin wani baƙon injiniya ya koya, tun yana saurayi yana aikin masaƙa a Bompai. Da Malam Mikail ya rasu ya bar mata yara huɗu, dangi sun yi kuka sun watse, Masta ne bai watse ba. Duk Juma'a in an sakko daga masallaci sai ya tsaya a soro da rake a hannu, ya yi sallama, ya tara yaran ya ji haddarsu, ya duba farcensu. Injin taliyarta in ya cije, shi ke kwance shi ya sa masa mai. Shekarar da damina ta kayar da katangar gidan, samarinsa ya kwaso suka kwaɓa ƙasa suka tayar, ya ce musu tirenin ɗin yau ke nan. Auren 'yarta Bahijja kuwa shi ya yi tsayuwar uba, har da kukansa a bayan rumfa, wai hayaƙin girki ne ya shigar masa ido.

Amma babban abin da ya yi mata shi ne Musbahu, ɗanta na fari, wanda don kunya ko sunansa ba ta faɗa, sai dai "kai wannan". Bayan rasuwar uban, yaro ya zama abin da ya zama. Kullum sai an kawo ƙara, ya fasa wa wane baki, ya tura wane kwata. Masta ya ce ta ba shi shi.

Ta ce, "Yaro yana dukan mutane da ka, ka ce za ka koya masa duka da ilimi?"

Ya ce, "Gajiya zan fara koya masa."

"Kuma an ce ruku'u kuke yi wa juna."

"A filina sallama ake yi, Yaya. In kuma aka kira salla, ko ƙafar mutum tana sama sai ya sauke ta."

Wannan ta sa ta yarda. Kuma gajiyar ya koya masa. Wata da watanni yaro bai kai naushi ko ɗaya ba, sai sharar fili da wata tsayuwa kamar mutum a kan doki babu dokin, har cinyoyinsa su dinga rawa. Ya dawo ya ci tuwo, ya yi isha, ya faɗi. Ƙara ta ɗauke ɗif. Yau ga shi ya zama mutum, yana zaune a rumfar ubansa yana ɗinka takalma, ko tsawa ka daka masa sai ya ce ka yi haƙuri.

To shi ya sa da ta kwance ledar nan ta ga abin da ke ciki, sai da ta ce, "Innalillahi!"

Ta sha jin yara suna baƙin bel, baƙin bel, kamar wata sarauta. Ita ba ta taɓa zuwa filin ba, ba ta taɓa ganinsa ba. Abin da ta zaro tsumma ne. Baƙin ya gudu, ya koma ruwan toka, wani wurin ma fari fat. Gefe da gefe duk ya zare, zarurruka na reto. Ga wani tsamin gumi da ya daki hancinta har sai da ta kawar da kai.

"Haba Dije," in ji ta ita kaɗai. "Kina gida miji yana yawo da wannan a ƙugu?"

Ta zauna bakin gado. An ce har baƙi za su zo filin ranar arba'in. A fito da wannan a gaban jama'a a ce shi ne abin da Ɗalha ya bari? Mutumin da ya rufa wa gidan nan asiri, shi a rasa mai rufa masa? Ba dai tana raye ba.

Zinariya ba ta iya ajiye aiki ya kwana. Nan take ta jiƙa shi a ruwan zafi da sabulu, ta cuɗe, ta zubar da ruwa kamar na kwata, ta sake cuɗewa. Ƙamshi dai ya samu, amma da ya bushe sai ya ƙara haske. Washegari ta yafa mayafi ta nufi marinar Ƙofar Mata.

Ɗantani marini, wanda tun tana amarya yake rina mata zane, yana tsugune bakin karofi, hannuwansa shuɗaye har gwiwar hannu. Ya ɗaga abin da yatsa biyu ya jujjuya.

"Hajiya, igiyar akuya kuma aka fara kawo mana?"

"Akuyar gidanku. Kuma ban je Makka ba tukuna, ka yi min addu'a. Ɗamarar babban mutum ce."

"Babban mutumin nan ya sha wuya."

"Ba tarihi na zo ba ka ba. Baƙi nake so, baƙi wuluk. A tsoma a sake tsomawa, a kai wa mabuga su buge shi ya yi ƙyalli irin na rawani ɗan kura."

"Sai jibi."

"Gobe."

"Baban rini ba ya son gaggawa, Hajiya. In aka matsa masa zuba yake."

"Ni ma ba na son jira. Gobe."

Da ta karɓo, wallahi sai da ta yi murmushi a hanya. Ta dattse zarurrukan da almakashi, ta kalmashe bakin da baƙin zare, ɗinki ƙanana yadda ba mai gani. Ta naɗe shi ta sa a sabuwar leda har da ɗan turare. Yanzu ya zama abin da za a nuna.

Shekarar kuwa ita ce sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Kowane bango a cikin gari ya sha fasta, wanda jiya kuke layin famfo tare yau ya zama Onarabul. Masta yana da rai ya ce ba a kawo masa siyasa fili, kowa ya je ya jefa ƙuri'arsa ya dawo ya yi tsayuwar doki. Yana rufe ido maganar ta taso. Nu'uman ne ya kawo ta, wani ɗan Gwammaja da ya girmi Musbahu, ya riga shi shiga filin, kuma a iya ƙafa duk cikinsu ba wanda ya kama shi.

Da yamma tana murza taliya a tsakar gida Musbahu ya shigo ya tsuguna gefe, yana wasa da tsinke. Ta san akwai magana.

"Inna, Yaya Nu'uman ya samo mana hanya. Onarabul Isyaku, sabon ɗan majalisar nan, yana son yara masu horo su dinga raka shi. An ce har babur za a ba kowa."

"A ba ka babur ka yi me?"

"Rakiya kawai. In zai shiga taro mu buɗe masa hanya."

"Da me ake buɗe hanyar? Da sallama?"

Ya karya tsinken hannunsa.

Ta ce, "Na ga rakiya a siyasar baya, kana goye. Na ga ɗan maƙwabta da aka raka gida a baro."

"Yanzu ba haka ba ne, Inna. Kuma filin ma ai ya mutu. Masta ya tafi bai ce ga wanda zai riƙe ba. Yaya Nu'uman ne babba, inda ya yi nan kowa zai yi."

Maganar ta zo mata har baki. Ta haɗiye. An ce kar ta faɗa kafin ranar.

"Kai wannan, riƙe min tiren nan. Ka bari a yi arba'in."

Ranar arba'in da hantsi ta tafi Soron Ɗinki taya Dije suyar wainar sadaka. Dije na cikin takaba, ba kwalli ba ɗan kunne, tana zaune gaban tanda tana juya waina da tsinke. Da mata suka ɗan ragu Zinariya ta jawo ta ɗaki, ta buɗe leda da ƙarfin gwiwarta.

"Duba nan. Na fitar da ke kunya."

Dije ta duba. "Na waye?"

"Na waye kuwa? Na mijinki. Na wanke, na kai an rina."

Dije ta ɗora hannu biyu a ka ta zauna daɓas a bakin gado.

"Yaya! Yaya, kin kashe mu!"

"Ke, yi magana sosai."

"Ba a wanke shi! Su a wurinsu ba ya ganin ruwa. Ina amarya na tsoma shi a baho, kafin in sa sabulu ya shigo ya fizge, ranar ko tuwona bai ci ba. Koɗewar nan ita ce girman, Yaya. Kowa yana iya sayen baƙi a kasuwa. Sai wanda ya shekara da shekaru yana ɗaurawa yana kwancewa nasa yake fari. Yaran nan kowane zare na jikinsa sun san shi. Wallahi in suka ga wannan cewa za su yi kin sayo ne don ɗanki."

Zinariya ta tsaya da bel a hannu yana ta ƙyallinsa. Gumi ya karyo mata.

"To ai kina wurin ya ba ni. Sai ki shaida."

"In fita da takaba? Zuwa filin maza?"

Gaskiya ne. Mutum biyu suka ji wasiyyar nan, ɗaya ba ta da ikon taka ƙofar gida, ɗayar kuma uwar wanda aka ba ce. In yaran suka ƙi yarda, Nu'uman ya kwashe su sai motar Onarabul, nata ɗan a ciki.

Dije ta share hawaye ta rage murya. "Ko mu jiƙa shi a ruwan bilic? Kafin la'asar ya yi haske. Mu goga shi a dutse, mu zazzaro zaren. Daga nesa ba mai ganewa."

Zinariya ta dubi bel ɗin. Dabarar za ta iya ci. Sai ta girgiza kai.

"A'a. Na farko ban sani ba na yi. Wannan kuwa ina sane ne. Ba zan kai wa Ɗalha ƙarya ranar sadakarsa ba." Ta naɗe bel ta mayar leda. "Tashi, wainarki na ƙonewa."

Bayan la'asar ta ɗora samirar waina a ka, leda a hammata, ta nufi filin firamare. An riga an yi addu'a an shafa. Samari da yara sun yi sahu cikin fararen kaya, ƙafa ba takalmi. A gindin darbejiya an ajiye wa Onarabul Isyaku kujera, yana zaune cikin babbar riga yana fifita da hula, ga farar bas a bakin ƙofa an buɗe ta. Nu'uman na tsaye a gaba yana jawabi, dogo, kafaɗa kamar ƙofar soro. Yana cewa zamani ya canza, wanda ya iya abu yanzu ne zai ci moriyarsa.

Ta sauke samira ta yi sallama da ƙarfi. Duk suka juyo. Musbahu na sahun gaba, ya zaro ido.

Nu'uman ya rusuna. "Inna, sannu da zuwa. Da kin aiko an karɓo."

"Waina ce ake aikowa. Ni saƙo na kawo." Ta gyara mayafi. "Ni ban iya jawabi ba. Ɗalha, Allah ya ji ƙansa, ya ba ni ajiyar bel ɗinsa yana kwance, a gaban iyalinsa. Ya ce ranar da kuka taru in ba wancan a gabanku. Ya ce wanda ya ɗaura shi ke da filin."

Ta nuna da haɓa. Wani mai tsaurin ido daga baya ya ce, "Wanne, Inna? Muna da yawa."

"Wanda na haifa. In ba ka san shi ba tambayi uwarka, ita ta yi min wankan jego."

Aka yi dariya, har da Onarabul. Amma Nu'uman bai yi ba. Ya ce, "To mu gani."

Ta zaro shi. Rana ta dake shi ya ɗau ido.

Wani ya ce, "Kai! Sabo fil!" Dariya ta ɓarke, ba irin ta ɗazu ba.

Nu'uman ya tafa hannu. "Haba Inna, da girmanki. A Sabon Gari aka sayo ko a Kwari? Bel ɗin Masta ko makaho a cikinmu ya san shi. An ji za mu tafi aiki, shi ne aka yi dabara a ɗora mana ɗan gida?"

Musbahu ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa ƙirji. A hankali ya ce, "Inna, don Allah ki tafi gida."

Wannan ta fi dariyar zafi. Ba ta ko dube shi ba.

"Ba da kai nake ba." Ta ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Nasa ne. Ni na wanke shi da sabulu. Ni na kai shi Ƙofar Mata aka rina aka buge, ni na dattse zaren na kalmashe bakin. Na ga ya tsufa ne, na ce ba za a kunyata shi ba. Ban san ba a yi ba, sai yau da hantsi aka gaya min."

Dariya ta ɗauke. Wani ya yi salati kamar an faɗi sabuwar mutuwa. Wani ya dafe kai ya tsuguna.

Ta miƙa wa Nu'uman. "Kai ka ce ko makaho ya san shi. To rufe idonka. Ka fi kowa daɗewa a filin nan. Shafa ka faɗa, tsakaninka da Allah."

Ya daɗe bai karɓa ba. Da ya karɓa kuwa da gaske ya rufe ido. Ya fara daga wannan bakin yana jan sa cikin yatsu a hankali. Zinariya na tsaye tana kallonsa, tana ta hasbunallahu a ciki. Ta san in ya buɗe baki ya ce ba shi ba ne, magana ta ƙare, babu mai musa masa. Onarabul ya duba agogo.

Yatsun Nu'uman suka tsaya a wani wuri da ya siɗe ya yi laushi kamar ganye, daidai inda ƙulli yake zama. Ya murza wurin. Ya sake murzawa.

"Nasa ne," in ji shi.

Ya buɗe ido sun yi ja. "Nasa ne. Amma kin goge shi, Inna. Tun ina ɗan ƙanƙani nake kallon bel ɗin nan yana fari a gabana. Duk kayen da ya yi min, duk ranar da ya ɗaga ni daga ƙasa, suna jiki. Kin ɗauka kin kai an tsoma a rami."

"Na goge. Allah ya yafe min, kai ma ka yafe min." Ta karɓe shi daga hannunsa. "Amma farin nan da kuke wa kuka, wa ya yi guminsa? Ɗalha ne. Ya yi abinsa ya tafi, Allah ya sa ya tarar. Da na kawo shi yadda yake, da wancan ya ɗaura farin wani a ƙugu yana taƙama, alhali bai yi komai ba. To ga shi nan baƙi. In ya isa ya koɗar da shi da kansa."

Sai Onarabul ya miƙe yana gyara riga, fuska cike da fara'a.

"Hajiya ta yi magana. Ai abin bai kai rigima ba. Ya ɗaura, ya zama shugaba, mu kuma mu ɗauke su gaba ɗaya. Mota ga ta nan, kowa da wurinsa."

"Ranka ya daɗe, Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka yi mana kwalbati. Amma Ɗalha fili ya ce, bai ce mota ba. Filin kuwa ga shi nan, ba ya zuwa ko'ina."

Ta juya ta miƙa bel ɗin ta gefe, ba tare da ta kalli ɗan nata ba.

"Kai wannan. Hannuna ya gaji."

Musbahu bai motsa ba. Ya dubi bas, ya dubi Nu'uman, ya dubi ƙananan yaran da ke sahun baya sun zuba masa ido. Ita dai ba ta roƙe shi ba, ba ta ƙara ko kalma ba. Ta isar da saƙo, saura nasa. Hannun nata kuwa bai sauka ba.

Sai ya tako. Ya durƙusa a gabanta ya sa hannu biyu ya karɓa. Ya miƙe ya kwance nasa mai ruwan ƙasa, ya zagaya na Masta a ƙugu. Ƙullin ya fito a karkace, baki ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Nu'uman ya ja tsaki. "Haka aka koya maka?" Ya matso ya kwance, ya daidaita, ya ƙulla, ya ja da ƙarfi har sai da Musbahu ya yi nishi. Sannan ya ja baya ya dube shi sama da ƙasa.

"Ni na riga na ba mutumin nan baki, ba zan janye ba. Amma duk ranar da na leƙo na tarar ka yi tumbi, a gaban yara zan kwance shi."

"Na ji, Yaya."

Nu'uman ya rusuna wa Zinariya, ya ɗauki waina biyu a samira, ya nufi bas. Wasu daga cikin manyan suka bi shi, suna tafe suna waiwaye. Wani ya kai har bakin mota, ya tsaya, ya sosa ƙeya, ya dawo sahu kamar ruwa ya je sha. Bas ta tashi.

Waɗanda suka rage yawancinsu ƙanana ne, sai tsirarun samari. Musbahu ya tsaya a gabansu. Ya yi sallama. Suka amsa gaba ɗaya. Ya ce a gyara sahu, a sauka tsayuwar doki.

Zinariya da ta yi niyyar juyawa gida sai ta samu dakalin aji ta zauna. Yau ne farkon ganinta da abin da ake yi a filin nan. Ashe ihu ne da naushin iska. Ta taɓe baki, amma ba ta tashi ba.

Garin akwai zafin hadari, ko ganye ba ya motsi. Kafin rana ta yi ja duk sun jiƙe sharkaf. Sai ta ga yaran sahun gaba suna taɓa juna suna ƙunshe dariya. Shuni ya fara zuba. Ya zagaye ƙugun farar rigar Musbahu, ya gangara wando, har tafin hannunsa ya yi shuɗi, ya kuma share goshi da shi bai sani ba.

Wani ɗan ƙarami ya kasa daurewa. "Masta! Masta, bel ɗinka yana zuba!"

Musbahu ya waiga kamar wani ake kira a bayansa. Sannan ya dubi jikinsa, ya dubi yaron.

"Wa ya ce ka miƙe? Koma ƙasa."

Ladan ya ɗaga murya daga masallacin unguwa. Ƙafafu suka sauka. Zinariya ta miƙe ta kakkaɓe zane, ta ɗauki samirarta da ba ko waina ɗaya a ciki. Da ta zo wucewa ta gabansa ta ɗan rage tafiya.

"In ka yi salla ka kawo rigar nan in jiƙa tun bai kama ba. Wancan kuwa ka nemi ƙusa ka rataye abinka. Kar in gan shi kusa da bahona."